Gawon Baba Nomau

A gabas da Sandamu, bayan rijiyar Tanimu,
akwai wani gawo da ya girmi hanyar mota.
Da damina sai ya tuɓe ganyensa sarai,
mutane su ce ya ƙi ruwan Allah.
Baba Nomau kan yi dariya:
"Ba ƙi ya yi ba, matsawa ya yi
don gero ya ga rana."

Zangarniyar gindinsa ta kai damtse kauri.
Da rani, in daji ya yi fari fat,
shi kaɗai ke sanye da kore.
Awaki na tsintar 'ya'yansa,
ƙudan zuma na saƙa a kogonsa,
hasbiya a sama, bushiya a saiwa,
ƙadangare na gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwa.

Bara, bayan arba'in ɗin Baba,
mai gawayi ya zo da zarto mai inji.
Magada suka ce ai itace ɗaya ne.
Kuɗinsa bai kai Sallah ba.

Itace ɗaya!
To ina zumar? Ina hasbiyar?
Shirwa ta yi kwana uku tana shawagi,
ta rasa wurin sauka.
Bana gero ya tsaya iya gwiwa,
ruwa na wanke gonar a kan idonmu.

Jiya na je wurin kututturen.
Wani ɗan toho ya leƙo ta gefe, da ƙayarsa biyu.
Na kange shi da rassan aduwa,
na kori akuyata daga wurin,
ita da ta shekara bakwai
tana ƙoshi da 'ya'yan ubansa.