Abin da Muka Gada

A gidanmu, can bayan Majiya,
inda kogi ke shigowa ba sallama in damina ta tsufa,
ba mu gaji fadama ba, ba mu gaji shanun huɗa ba.
Dariya muka gada, ta wajen uwa.

Shekarar da ruwa ya ci rumbu,
ya kwashi ragowar geron bara, dami tara, ya yi gabas,
Inna Tabawa ta tsaya tsakar gida, ruwa iya gwiwa,
zani a tattare, ludayi a hannu,
ta ɗaga murya: "Mutanen Haɗeja, ga gudummawarmu nan tafe,
in kun cinye ku aiko da kwano!"
Baba ya buɗe baki zai yi faɗa,
gemunsa ya ci amanarsa, ya kama rawa.

Daren nan a ajin firamare muka kwana,
ni da Uwale da Tanimu, a kan benci, sauro na kiɗa.
Ta dubi allo, ta gyara ɗankwali:
"Ashe da rabon zan yi boko.
Kuma aji uku aka kai ni, ba jarrabawa."

Tanimu ya tafi Fatakwal, ya ce wata biyu a saurari aike.
Wata bakwai, gaisuwa kawai ke zuwa ta wayar mai shago.
Inna ta ce, "Uwale, kawo gaisuwar yayanki,
zuba a tukunya, ƙara ruwa,
yau da romo za mu kwana."
Muka ci tuwo da kuka tsura
muna ƙwarewa don dariya,
ba wanda ya tuna babu daddawa.

Sai ciwo ya kayar da Baba a bakin rijiya,
ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace.
Ita ke juya shi, ita ke wanke shi,
ita ke ba shi koko da cokali, rabi a baki, rabi a riga.
Ta ce da masu dubiya,
"Shekara talatin ina roƙon mutumin nan murmushi,
sai yanzu aka biya ni rabi."
Baba ya yi dariya da rabin da ya rage masa,
hawaye na bin ɗaya ɓangaren.

Maƙwabta suka ce matar nan ba ta san ciwo ba.
Ni na san abin da na gani.
Wata asuba na fito da buta,
na hango ta durƙushe a turken awaki,
ta cusa bakin zani a baki
kafaɗunta na girgiza, ba sauti.
Ta daɗe.
Sannan ta fyace hanci, ta kama kunnen jar akuya:
"Ke kuma in kika faɗa wa wani,
sai Gujungu ran Lahadi."
Na koma ɗaki da butata cike.

Yanzu ni ma ina da nawa zauren, da nawa bashin.
Taki ya yi tsada, rufin soro na ɗiga a kan gado,
na tara kwano uku, kowanne da irin kukansa.
Shekaranjiya Ladidi, autata, ta tona miya da yatsa,
ta ce, "Baba, ina naman?"
Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce,
"Ya tafi ta'aziyya, ya ce a gaishe ki."
Uwarta ta juya baya tana toshe baki.
Ni kuwa na tsaya da loma a hannu,
don ba muryata na ji ba.

Dariya ba ta taɓa biya mana ko sisi ba.
Mai bashi na zuwa, ya tafi, ya dawo.
Amma tana sa a haɗiye abin da ya maƙale,
kamar ruwa bayan busasshen rogo.

Inna na nan, a ɗakin kudu, ido ya yi hazo.
Haƙori biyu suka rage mata.
Jiya na ce zan kai ta Ringim a duba su.
Ta ce, "Bar su. Biyu ma sun yi yawa.
Me ake taunawa a gidan nan?"