Faifan Jatau

A wani ɗaki a Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
inda muka manna kwalin ƙwai a bango don ya shanye amo,
nan Jatau ya kwance jitarsa mai tabo a wuya.
Shekara sha tara yana tsaye kan injin saƙa
har ranar da aka garƙame ƙofa.
Tun daga nan zare shida kawai ya rage wa yatsunsa.

Ya ce kiɗansa bulus ne.
Mai shayi ya ce, "Wane Bulus? Na Barnawa?"
Jatau ya yi dariya har da tari:
"Wannan ba shi da unguwa.
Kukan mutum ne in ya hana idonsa ruwa."

Akwai wani kaset a aljihunsa, rubutun jiki ya goge,
ƙaninsa ma'aikacin jirgin ruwa ya aiko daga Jamaika,
shi kuwa bai dawo ba.
Muka saurara sau uku, babu mai magana.
Ganga tana tafe a hankali kamar kuɗin sallama,
jita na sara inda ƙafa ta ɗaga,
ba inda ta sauka ba.
Ya ce, "Rege ke nan. Ɗingishi ne, amma na ƙasaita.
Shi nake so a ƙarƙashin kukana."

Muka je Panteka,
wani maƙeri ya yanke mana gindin duro,
ya bubbuga, ya lotsa, yana tambaya ko tuya za mu yi.
Da Kazah ya taɓa shi da sanda
sai ƙarfe ya yi murya kamar ruwa a tasa.

Wata huɗu. Wuta ta ɗauke ba adadi.
A waƙa ta biyar gurnanin janareta ya shiga,
na kai hannu zan goge.
Ya riƙe ni. "Bar shi, ɗan gari ne."
A ta bakwai ruwan Agusta ya sauka kan kwano,
shi ma muka bar shi.

Daren da muka gama, muka tsaya kan gada.
Kogin Kaduna ya cika, ja wur, yana jan itace.
Ya ce, "Duk ruwan nan teku za shi."
Ya daɗe yana juya faifan a hannu.
Na ɗauka jefawa zai yi.

Sai ya tura shi cikin riga,
ya tambaye ni ko ina da canjin mota.