Rabin Hasumiya

Da rana aikina ɗaya ne a Valparaíso:
in rufe ƙofar ɗan taragon da ke hawa tudu,
in ja ƙarfe, in kai wasu sama, in sauko da wasu.
Da dare, idan Ximena ta yi barci,
sai in kunna kwamfuta in koma ɗaya garin namu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Da baƙin gashi na shiga wasan,
yanzu idan allo ya mutu, furfura nake gani a ciki.

A can ni masunci ne mai shuɗin kwalekwale.
Baltasar, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba,
shi ya gina mana hasumiyar fitila a bakin gaɓa,
dutse bisa dutse, hunturu biyu.
Ciwon huhu ya ɗauke shi a Temuco.
Ƙanwarsa ce ta shigo da sunansa ta faɗa mana.
Tun ranar muke karɓa-karɓa wajen zuba wa fitilar mai.

Wata Talata aka ce an sabunta wasa.
Muka shiga: ba gaɓa, ba hasumiya,
ruwa ne kwance kamar ba a taɓa yin kowa ba.

Muka tambaya. Shiru.
Mako guda, mako huɗu.
An ce shiru ma magana ce,
mu dai ba mu so abin da ta faɗa ba.

Sai ga takarda daga kamfani, can Tallinn,
an goge ta tana sheƙi:
"Muna jin ku. Kuna da daraja a wurinmu.
Manyan abubuwa na nan tafe."
A ƙasanta tallar sabuwar hula mai gashin tsuntsu,
peso dubu huɗu.
Sau uku na karanta ina neman kalmar hasumiya.
Romon baka ne, ko ƙashi babu.

Mutane suka fara zare jiki.
Maritza ta sayar da jirginta a wulaƙance.
Koren ɗigon da ke gefen sunayen abokai
ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya,
kamar tudunmu daren da aka ɗauke wuta.
Ni ma na kai yatsa kan maɓallin gogewa,
na tashi na dafa shayi.

Ƙarfe uku na dare wani saƙo ya faɗo,
ba hatimi, har da kuren rubutu,
daga wata Triinu:

"Ni na rubuta layin da ya cinye gaɓarku.
Tsoro ya rufe mini baki, lauya ya rufe na sauran.
Da mu arba'in ne, yanzu mu shida.
Ajiyar da ta rage tsohuwa ce,
rabin hasumiyar ne kawai a ciki.
Ba zan sa muku rana ba, don ban sani ba.
Amma kowace Juma'a zan zo in faɗi inda na kai,
ko da ban kai ko'ina ba."

Ta kuwa zo.
Wata Juma'ar ta ce, "Ba komai wannan makon, ɗana na zazzaɓi."
Wata Juma'ar ba ta zo ba, muka zage ta tas,
Asabar ta ba da haƙuri, muka ji kunya kaɗan.

Yanzu gaɓar ta dawo, da rabin gini, ba fitila.
Maritza ba ta dawo ba.
Mu bakwai muke ɗaukar dutse.

Taragona ya haura shekara ɗari.
Masu shiga ba sa duba igiyar ƙarfen,
fuskata suke dubawa.
Jiya ya yi wata ƙara a tsakiyar tudu,
wata tsohuwa ta ce, "Lafiya?"
Saura kaɗan in ce mata lafiya lau.
Na ce, "Ban sani ba tukuna, señora.
Riƙe nan, bari in duba."