Yarinya Ɗaya, Kati Uku

A asibitin Gwammaja sunanta Ummulhairi,
kilo bakwai, an ja jan layi a ƙarƙashi.
Wurin rabon garin kunu a Kurna
Hairiyya suka rubuta, 'yar mai facin taya.
Masu rigakafi kuwa Ummi kawai suka sa,
sai ka ce duk Kano Ummi ɗaya aka haifa.

Ni aka ɗora wa haɗa su.
Tebur mai ƙafar katako aro, fanka mai tari,
fayil arba'in da huɗu,
kowace ƙaramar hukuma da irin ƙullinta.

Na kira Lafiya, suka ce na Ilimi ne.
Ilimi suka ce ba ta isa shiga aji ba tukuna.
Harkokin Mata suna taro.
Wayar Malam Sadisu a kashe tun Litinin.
Duk mun haddace hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
amma kowa ya rungume tasa jinkar
yana jiran a zo a taya shi.

Ranar Laraba na rufe ofis, na hau adaidaita.
Lungu na uku bayan injin markaɗe
na tarar da Barira tana juya awara.
Ta goge hannu a zani,
ta buɗe gwangwanin madara,
ga katunan nan uku, mai ya ci gefensu.

Ta ce, "Hajiya, ku ne uku.
Ita ɗaya ce, ga ta can tana cin ƙasa.
Kowane kati kuɗin mota ne,
kowane layi wuni guda,
ranar kuma wa zai tsaya mini a kasko?"

Ban da amsa. Na karɓi awarar da ta miƙo.

A taron wata ban karanta rahoto ba.
Katunan na jera tsakanin robobin ruwa,
na ce su nuna mini yara ukun.
Shiru ya yi tsawo har fanka ta ji kunya.
Sadisu ne ya fara cire hula, ya sosa kai.

Yanzu a Kurna, Alhamis ɗaya ce:
awo, allura, garin kunu, takardar haihuwa,
ƙarƙashin rumfa ɗaya, suna ɗaya.
Kurna kaɗai fa.
Sauran fayilolin suna nan suna kallona.

Murfin birona har yau da shatin haƙora biyu.
Ummulhairi ce ta sa hannu.