Direban Motar 'Yan Kwando

Tun Nuwamba nake jan su,
dogaye goma sha uku, gwiwoyi na dukan bayan kujera.
Kwalejoji tara ne a rukuninmu,
na san hanyar kowacce har ramukanta.

A Fargo dusar ƙanƙara ta tsare mu,
muka ci da maki biyu,
Tyrese ya yi ta waƙa har asuba.
A Omaha aka lallasa mu.
Ba wanda ya ce uffan,
sai ledar ƙanƙara na ɗiga a idon sawun Dellinger.

Maris. Saura daƙiƙa ɗaya,
ƙwallo ta zagaya bakin kwando,
ta yi shawara, ta fito.

A rediyo na ji, ina ɗumama mota.
Koci Brandvold ya shigo ƙarshe,
ya ce, "Walt, bi doguwar hanya."
Na bi.