Rigar Muniru ta Uku

Rigar Muniru ta uku ke nan
na shanya a igiyar gidanmu na Aboabo,
ko azahar ba a kira ba.

Kakarsa ta ce haƙori ne.
Haƙora sun cika baki tun azumin bara,
yawun bai samu labari ba.
Maƙwabciya ta ce ƙosan da na yi kwaɗayi ne
ina da cikinsa.

A asibitin Manhiya
likita ta haska maƙogwaronsa:
"Yana minshari? Yana barci baki buɗe?"
Na tuna numfashinsa na dare,
tsohuwar tirotiro a hawan tudu.

"Hancin ne ya toshe," in ji ta.

Muna fita ya ƙyalƙyale da dariya,
ya jiƙa mini kafaɗa.
Ban goge ba.