Tasha Goma Sha Huɗu

Valdir maƙwabcinmu da matarsa Neusa
mota suke shiga ƙarfe bakwai.
Ta sumbace shi a bakin danja,
ko mai sayar da jarida bai ɗago ba.

Ni da Edmilson jirgin ƙasa ne namu,
jan layi, tun daga Itaquera.
Mu tsaya kamar ba mu taɓa haɗuwa ba,
jakata a tsakani.
Mun san taragon da 'yan kallon ƙwallo ke cikawa,
mun san daren da gara a biya tasi.

Sai a República, inda ido ya gaji da kallo,
ɗan yatsansa ke laluben nawa.
Matakala arba'in, na ƙirga,
sannan ya yi hagu,
ni in tsallaka titi.